Wuƙar Baba da Tukunyar Ranar Hutu

Shekara tara ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Panshekara, ana yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Duk lokacin da damina ta kankama, makarantu suka fara shirin ba da dogon hutu, sai kewarsa ta taso mini fiye da yadda take yi ranar Sallah. Yawancin mutane sun san Malam Habu a matsayin ma'aikacin kamfanin jima a Challawa, mai tsohon keke da warin fata da ba ya fita ko da wane irin sabulu. Amma akwai wani aiki da ya riƙe shekara da shekaru ba wanda ya ɗauke shi, kuma a kansa nake son yin magana yau. Shi ne mai yanka wa makarantar firamare ta Katolika da ke bayan unguwarmu, wadda kowa yake kira makarantar Sista.

Daga wani ƙauye ta wajen Gumel Baba ya zo Kano neman aiki. Da na isa shiga aji ɗaya sai ya sa ni a makarantar nan, don tana kan hanyarsa ta zuwa kamfani, kuma ya ji ana cewa malamanta ba sa fashi. 'Yan uwa sun yi surutu har suka gaji. Amsarsa ɗaya ce, da safe boko, da yamma allo, kuma shi zai kai ni shi zai ɗauko ni. Ni kuwa sharaɗi guda ya kafa mini, kada in kuskura in ci naman da ban san wanda ya yanka ba.

Wanda bai yi makarantar Sista ba ba zai gane abin da ranar ba da hutu take nufi gare mu ba. Tun ana saura mako ake sharar fili, ana koyon waƙa da 'yar wasan kwaikwayo, ana wanke bencina. Ranar kanta sai a jera su a gindin darbejiya, iyaye su zauna, a kira waɗanda suka yi na ɗaya su karɓi littafi da fensir. Duk wannan share fage ne. Abin da muke jira shi ne tukunyar Mama Rifkatu, mai dafa abincin makarantar, mutuniyar kudancin Kaduna, gajera mai murya kamar ta mutum uku. Dafa-duka take yi da naman akuya a wata ƙatuwar tukunya, ƙamshin yana tsallake katanga ya kai har bakin titi.

Hutuna na farko ban ɗanɗana ba. Mu 'ya'yan Musulmi, ba mu da yawa a lokacin, muka koma jikin katanga da biskit a hannu, muna kallon 'yan ajinmu suna lashe yatsu. Ba wanda ya kore mu, kowa umarnin gidansu yake bi. A haka Baba ya same mu da ya taso daga aikin safe. Ya tsaya riƙe da keke ya dube mu, ya dubi masu ci. Ya jingine keken ya nufi ofishin Sista Agnes, shugabar makarantar, wata dattijuwa da Hausarta ke ɗingishi. Daga baya na ji cewa ya gaya mata abin ya dame shi, yara suna aji ɗaya duk zango, a raba su ranar farin ciki. Sista ta rasa yadda za ta yi. Mama Rifkatu ce ta leƙo ta taga ta ce, "To Malam, ku zo ku yanka mana. Mu ba mu da damuwa da wanda ya yanka, yaran dai su ci."

Daga nan aikin ya zama nasa, sau uku a shekara. Sai ya nemi abokin aiki su yi musanyar lokaci, ya wasa wuƙarsa a gida tun ana gobe da yamma, don ya ce bai kamata dabba ta ga ana wasa mata wuƙa ba. Ya naɗe ta cikin tsohon ƙyallen atamfar Inna, ya ɗaure a bayan keke. A bayan madafar makarantar ya haƙa ɗan rami, ya kafa dutse da ke nuna alƙibla. Kafin ya kwantar da akuya sai ya sa an kawo kwanon ruwa ta sha, yana shafa wuyanta, wuƙar tana ɓoye a bayansa.

Kowa ya san wuya na mai yanka ne. Baba bai taɓa kawo nasa gida ba, abin da Inna ta yi ta ƙorafi a kai har ta haƙura. Cewa yake a jefa shi a tukunya. Idan abinci ya nuna, kafin a zuba wa kowa, Mama Rifkatu za ta tsamo wuyan ta miƙa masa a faranti, shi kuma ya tsaya a tsakiyar fili inda duk iyaye za su gan shi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ci. Bai taɓa yin jawabi ba. Iyayen da suka zo da shakka a zuciya suna ganin haka sai su saki hannun 'ya'yansu, layi ya zama ɗaya.

Ni dai ban gado shi ba ta wannan fanni. Sau ɗaya ya ce in riƙe masa ƙafar akuya, ina ganin jini na saki na ruga bayan aji ina amai. Har na yi aure bai daina tsokanata ba. Idan baƙi suka zo sai ya nuna ni ya ce ga Sani, jarumin gidan, kaza ma sai ya kai wa maƙwabta. Na gama makarantar, ƙannena suka gama, ba shi da ɗa ko jika a ciki, amma bai fasa zuwa ba.

Akwai shekarar da gari ya rikice, irin rikicin da ke sa maƙwabci ya fara kallon maƙwabcinsa a kaikaice. An sassauta dokar hana fita, makarantu suka ce za su ba da hutu a gaggauce. Inna ta roƙe shi ya bari wannan karon. Ya ce an riga an sayi akuya. A mahaɗar hanyar Challawa jami'an tsaro suka tare shi, suka kwance ƙyallen, ga wuƙa tana walƙiya. Suka tambaye shi ina za shi da ita, shi kuwa da bai iya kwana-kwana ba ya ce makarantar coci. Suka zaunar da shi a ƙasa cikin rana, kuma ban ga laifinsu ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Wani ɗan acaba da ya san shi ne ya kai labari. Sai ga Sista Agnes da Mama Rifkatu a ƙafa, Mama da ludayi a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan Malaminmu ne. Ruwa yana wuta tun ɗazu, shi muke jira." Yaran da suka zo ranar ba su cika benci huɗu ba, amma sun ci daga tukunya ɗaya, kuma Baba ya ci wuyansa a tsaye kamar kullum.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Kamfanin da ya ba ƙuruciyarsa ya rage ma'aikata har ya koma kamar kango, wasu masana'antun Sharada da Bompai sun zama wurin ajiyar kayan da aka shigo da su. Jiniyar tashi daga aiki da muke saita cikinmu da ita ta daɗe da yin shiru. An ɗaga katangar makarantar, an ɗora mata waya. Sista Agnes ta koma garinsu, can ta rasu. Yanzu har 'yan rainon da ba su iya ɗaure takalmi ba ana sa musu rigar kammala karatu da hula mai tuntu, iyaye kuma ta cikin waya suke kallon 'ya'yansu alhali ga su a gabansu. Na san da zai yi dariya ya ce wannan digirin na shan koko ne. Sai dai ina jin zai yi murna da abu ɗaya, 'ya'yan Musulmi yanzu sun kusa rabin makarantar, har da 'yata Hafsatu da ke aji uku.

Bayan rasuwarsa, abokin aikinsa Malam Idi ne ya ci gaba da yankan. Bana aikin Malam Idi ya ƙare, ya tattara iyalinsa ya koma Maraɗi. Sabuwar shugabar makarantar, wata Sista matashiya mai kirki, ta kawo shawarar da ba ta da aibu a ido: a daina wahalar itace da hayaƙi, a yi odar abinci a robobi daga wuri biyu, kowane uba ya zaɓi inda ya yarda da shi. Iyaye da yawa suka ce madalla. Ni ma a taron na gyaɗa kai, sai da na dawo gida na gane abin da na amince da shi. Robobi iri biyu layi biyu ne, kuma Hafsatu da ƙawarta Grace, waɗanda ko fensir tare suke fiƙewa, kowacce za ta kama nata.

Ranar wata Asabar sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar gidana a Na'ibawa. Mama Rifkatu ce, ta tsufa, tana dogara sanda, muryar dai tana nan. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta ce, "Sani ɗan Malam, wuƙar tana wajenka?"

Na ce tana nan a akwati, amma ai Mama kun san halina da jini.

Ta ce, "Na sani, ni na wanke maka riga ranar. Amma na roƙi Sista ta bar mini tukunyata, ta ce sai in na samo wanda iyaye za su yarda da shi. Ba mahauta ne babu a garin ba. Ɗan Malam Habu suke so su gani."

Kwana biyu ina juya maganar. Na je wajen limamin unguwarmu ya sake nuna mini yadda ake yi, yana danne dariya. Na ɗauko wuƙar, ƙyallen Inna ya koɗe har ba a gane zanensa, na wasa ta da yamma a tsakar gida. Ban taɓa jin kewar Baba irin ta wannan yammacin ba, don ƙarar wuƙa a kan dutse ita ce ƙarar jajibirin hutu a gidanmu, kuma na ɗaga kai fiye da sau ɗaya ina zaton zan gan shi.

Da safe an yi ruwa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika bayan madafa. An shimfiɗe filin makarantar da siminti tun bara, amma aka bar wani ɗan wuri ƙasa tsirara. Mama ta ce ta zauna a kai ne ranar da magina suka zo, ta ce sai dai su shafe da ita. Ramin yana nan, dutsen alƙibla yana nan. Ban tambaya ba ta miƙo mini kwanon ruwa, ta ce, "Ta sha tukuna." Na ɓoye wuƙar a bayana, na shafa wuyan akuyar, na ambaci sunan Allah, na yanka. Ban gudu ba, ko da yake sai da na jingina da bango na ɗan lokaci.

Idan na auna abin da Baba ya bari, ba shi da yawa a ido. Keken ya ruɓe, gidan hayar da muka zauna an rushe shi, kamfanin ma bai san ya taɓa yin wani Habu ba. Abin da ya rage shi ne ɗan wurin nan da ba a shafe ba, da wata tsohuwa Kirista da ta san akuya sai ta sha ruwa, da yaran da ba su san sunansa ba amma ba su taɓa zama jikin katanga ba. Ban san ko tukunyar za ta wuce zamanin Mama Rifkatu ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan yana cikin abin da zai tarar.

Da abinci ya nuna, Mama ta tsamo wuyan ta sa a faranti ta miƙo mini, ta nuna tsakiyar fili da haɓa. Na je na tsaya inda yake tsayawa, iyaye suka sauke wayoyinsu suna kallona. Na yi bisimilla da ƙarfi kamar yadda yake yi, na kai loma baki, sai ta ƙi wucewa, idona ya cika. Daga bakin tukunya na ji muryar Mama tana cewa, "Haɗiye mana, ɗan Malam, yara suna jira."

Na haɗiye. Hafsatu ta ja hannun Grace, suka shiga layi.