Jirgin Baba da Igiyar Inna

Ranar wata Juma'a ce a farkon tsinkar auduga, shekarar da na shiga aji huɗu, aka fito da jirgin Baba zuwa filin bayan makaranta. Mutum biyu suka ɗauko shi a kafaɗa, don fikafikansa sun fi gadon Inna tsawo, mu kuwa yaran unguwa muna biye muna tsalle. Baba ya sa Kawu Sale, ƙanen Inna, ya riƙe wutsiya. Ya durƙusa, ya yi bismillah, ya fizgi farfela da hannu. Shiru. Ya yi ta fizga har zufa ta jiƙa jallabiyarsa. Can sai injin ya yi tari, farfelar ta dawo da baya ta doki hannunsa na dama, na ji ƙara kamar an karya karan dawa. Baba bai yi ihu ba. Ya dubi yatsunsa biyu da suka lanƙwashe, ya ce, "Maida shi gida, ya Sale. Yau bai so."

Ƙauyenmu yana kusa da Wad Haddad. Baba yana da hawasha, wato gonarsa a cikin filayen ban ruwa, yana noma auduga da dawa, yana kuma gyaran injinan jan ruwa. Yana saurayi ya yi aiki inda jiragen feshi ke sauka, yana cika musu magani, tun daga nan son jirgi ya shige shi. Nasa jirgin a ƙarƙashin rumfar gidanmu ya haɗa shi, da gora da siririn katako da yadi, bayan la'asar, mu muna surfe ko muna wasan carafke a gefe. Na'urar sarrafa shi daga ƙasa wani abokinsa ya kawo masa daga Saudiyya. Injin na zarton yankan itace ne, mai shan banzin, wato fetur. Gudu gare shi, amma ba ya iya juya babbar farfelar da Baba ya sassaƙa. Sai Baba ya haɗa faifai biyu na ƙarfe da bel, ƙarami a bakin inji, babba a jikin farfela, yadda sai inji ya juya fiye da sau biyu kafin farfela ta zagayo sau ɗaya. Yakan ce, "Ƙarfi da sauri ba su kwana ɗaki guda." Amma dabarar da ta ba farfela ƙarfi ita ce ta sa tayarwa ta yi wuya. In ka fizgi farfela, kai ne za ka juya injin duk waɗannan zagaye, sai ta yi nauyi kamar dutsen niƙa, ko bel ya zame, ko wuta ta kama da wuri ta dawo maka.

Mai ɗori ya ɗaure hannun, auduga kuwa ta buɗe fari fat ba ta jiran kowa. Da asuba Inna ke tashinmu, ni da Yaya Hauwa, mu bi gefen tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, da buhuna a ka. Nakan isa makaranta a makare, yatsuna duk sun tsattsage. Mata a bakin ruwa suna kiran Inna "matar direban jirgi" suna dariya, ita kuwa sai ta ɗebi ruwanta ta wuce. A gida ma daga gaisuwa sai ajiye abinci ke haɗa ta da Baba. Jirgin na nan a rumfa, kaji na kwana a kan fikafikansa, Baba na shan gahawa da hannun hagu yana kallonsa.

Wata yamma ya ce wa Kawu ya zo gobe su kwance injin a mai da shi jikin zarto. Inna na gaban kasko tana yin kisra, siririyar wainar dawa. Na zaci za ta yi murna. Sai ta ajiye abin hannunta ta ce, "Malam, ba jirgin nika ƙi ba, hannunka nika ji. Babu wata hanyar tada shi sai ka sa hannu bakin kura?" Baba ya ce in aka yi wa ƙaramin faifan kwari za a iya naɗa igiya a ja daga baya, nesa da farfela, sai dai igiyar kasuwa santsi gare ta. Inna ta koma kan kaskonta. Daga kalar audugar da muka yi ta ɗauki mazari ta kaɗa zare, ta tufka siririyar igiya, ta goge ta da kakin zuma har ta yi tauri.

Bayan an kwashe amfanin gona aka koma filin da hantsi. Baba ya kashe wuta, ya toshe bakin iska da babban yatsa, ya juya inji a hankali har banzin ya jiƙa yatsan, sannan ya kunna ya naɗa igiya a kwarin da ya yi wa ƙaramin faifan. Da ya kama zai ja, hannun ya ƙi. Kawu na riƙe da wutsiya, ba ya iya saki. Inna, wadda ba ta taɓa zuwa kallon jirgin ba, ta ratso mutane ta ce, "Ba ni nan." Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta kafa ƙafa, ta ja yadda take jan guga. Injin ya yi tari ya mutu. Baba ya sake naɗewa, ya ce, "Da zuciya ɗaya, Rabi." Ta fizga. Ƙara ta cika filin, farfela ta ɓace wa ido, iska ta kwashe hular Kawu. Jirgin ya gudu yana tangaɗi, ya ɗaga, ya haye tur'a, ya zagayo ta kan masallaci, ya zo ya faɗa cikin karan dawa ya karya ƙafa ɗaya. Ba wanda ya damu da ƙafar. Inna ta rangaɗa guɗa, Baba na dariya hawaye na zuba, dattawa na ta "Masha Allah."

Yau Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, yaƙi ya watsa mutanen ƙauyenmu, ni ina zaune nesa da gida da 'ya'yana. Ƙaramar cikinsu, da ta ji wani abu na gurnani a sama, sai ta ruga ƙarƙashin gado ta toshe kunnuwa. Nakan jawo ta jikina in ba ta labarin kakanninta da Hausar da take ji rabi-rabi, tana kallona kamar tatsuniya nake yi. A zamaninmu, in ƙara ta taso daga sama, ɗaga kai muke yi.