Rabin Ajina Ɗaya ga Janairu Aka Haife Su

Jama'a, ku ji abin da ɗalibaina suka yi mini yau a Garo!

Lissafin yiwuwar abu nake koya musu. Na ce a aji mai mutum arba'in irin namu, da wuya a rasa biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya. Suka ce, "Haba Malam!" Na ce mu gwada.

Na tambayi Sadiya, ta ce ɗaya ga Janairu. Na ce akwai mai irin tata? Wallahi rabin aji suka ɗaga hannu! Na ce kai, wannan ya fi ƙarfin lissafi!

Monitan ajin ya ce, "Malam, mai kafen intanet ne ya sa mana ranar wajen rajistar jarrabawa. Inna dai ta ce da damina aka haife ni."

Aka kwashe da dariya. Sai Sadiya ta ce, "Kai fa, Malam?"

Na ce, "Yau."

Duk ajin ba mai irin tawa.

Ga ni a ɗaki ni kaɗai, shayi har ya huce. Duk yawanmu a guruf ɗin nan, tun safe nake duba waya. A lissafina, ko mutum ɗaya zai tuna.