Inci Biyar Tsakanin Taya da Ƙarfe

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe, Ikrima ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Shi ne ɗana na biyu, direba, mai shekara ashirin da tara. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce in ba ni da uzuri in ɗauko tef ɗin awona in raka shi burtali. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a sakandare, kuma tun yana ƙarami ya san ba na yarda da kintace.

Ƙarfe bakwai muna burtalin da ya gangara daga titi zuwa Fadamar Kanya. Tsawonsa kilomita uku da rabi. Gonaki ne manne da juna dama da hagu, kowacce da shingenta, babu inda mota za ta kauce. Da damina tifofin ɗiban yashi sun haƙa masa ramuka biyu, tsakiya ta zama tudu, yanzu kuma ya bushe ya yi tauri kamar bulo. Mako biyu ke nan da mutanen fadama suka haƙe dankalinsu, babu motar da ta iya shiga, na ƙasan tarin har ya fara ruɓewa. Ikrima ya yi musu alkawarin fitar da shi ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta.

Motarsa farar a-kori-kura ce, tsohuwa. Shekara bakwai ya yi yana jan motocin mutane kafin ya mallake ta. Na so ya tafi jami'a, sakamakonsa ma ya isa, amma ya ce mini shi dai hannunsa a sitiyari ya fi zama. Bai yi gardama da ni ba, shiru ya yi ta yi har na haƙura. Haka yake da kowa. Kalmar a'a nauyi take yi masa a baki. In ya ce zai zo ƙarfe bakwai, bakwai saura zai iso, kuma ban taɓa jin wani ya ce ya wuce shi a hanya bai tsaya ba.

Mako guda kafin nan makanike ya ɗaga masa bodin motar inci uku. Amma ɗaga bodi ba ya ɗaga aksil, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kuma shi ne ke dukan tudun. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Shi ya sa ya zo wurina. Muka auna wuri goma sha ɗaya. Inda ya fi muni, tudun ya kai inci tara da rabi, kuma irin wannan wurin uku ne.

Ƙarfe goma muna shagon Ɗanliti a Ɗambatta, mai faci da sayar da tayoyi na hannu. Ya mirgino mana iri biyu da za su hau garen motar, mai tsayin inci talatin da ɗaya da mai talatin da uku. Na tsuguna na auna. Da matsakaiciyar, aksil zai yi nisan inci tara daga ƙasa, wato zai gogi tudun da rabin inci. Da babbar zai yi goma, ya wuce lafiya. Sai dai akwai wani ƙarfe mai kaifin baki da mai walda ya giciya a ƙarƙashin bodin, daidai saman tayoyin baya. Da babbar taya, inci biyar ne zai rage tsakaninsu.

Ɗanliti ya leƙa, ya taɓa bakin ƙarfen da yatsa, ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma wannan wuƙa ce aka rataye wa taya. Ku ɗauki matsakaiciyar. Rabin inci ai diga ne maganinsa, a samu ƙarti su fafe tudun kafin la'asar."

Ikrima ya ce tudun ba nasa ba ne, kowane taku na burtalin akwai mai gonar da zai ce an taɓa masa iyaka, kuma gobe ce kasuwa. Sai ya juyo ya dube ni. Duk abin da na faɗa shi zai yi, mu ukun mun san haka.

Na ce a gwada. Ƙarfe sha ɗaya da rabi muka sa babbar a baya, na roƙi mutum shida daga majalisar mai shayi suka hau bayan motar. Ɗanliti yana ta tsokanar su, wai ko an haɗa su duka ba su kai buhun dusa ba. Bodin ya sauka inci ɗaya da rabi. Na tambayi Ikrima buhu nawa zai ɗauka, ya ce goma. Na yi lissafin a bayan wata takardar magani. Buhu goma za su saukar da bodin inci huɗu saura kwata, a samu ragowar inci ɗaya da kwata.

Na ce, "Babbar za ta yi. Amma goma, Ikrima."

Ya ce, "Goma, Baba."

Bayan azahar aka ɗaura manyan tayoyin, duka huɗun. Ƙarfe huɗu muka shiga burtalin da motar ba kaya, ta wuce wurare ukun ko ƙasa ba ta taɓa ba. Mutane suna ɗago kai daga gonakinsu suna kallonmu, ni kuwa daɗin lissafina nake ji. Biyar da rabi ya tsayar da motar a ƙofar gida. 'Yarsa Zulfa, mai shekara uku, ta je ta jingina da tayar baya, ya yi dariya ya kira matarsa Murja ta zo ta ga sun kusa zama kai ɗaya. Bayan magariba ya ci tuwo tare da ni, ya yi mini sai da safe.

Abin da ya faru ranar Lahadi ban gani da idona ba. Dogo ne ya ba ni labari, abokinsa direba, wanda ya raka shi don tasa motar tana wurin makanike ana ɗaga ta. Na tambayi wasu mutum huɗu daban-daban, maganarsu ba ta saɓa da tasa ba.

Ƙarfe bakwai da rabi suka loda buhu goma a fadama, suka juyo. A garinmu, ranar kasuwa kowa yakan fito da kayansa bakin gonarsa ya zauna a kai, kuma motar ɗan gari ba ta wuce kayan maƙwabci. Ba su yi rabin kilomita ba suka tarar da yayana Abdulmumin, tsoho mai shekara saba'in, zaune a kan buhu uku. Ikrima ya sauka ya gaishe shi, ya gaya masa ni na ce goma, zai dawo sahu na biyu. Yaya ya ce kafin sahu na biyu manyan motocin kudu sun cika sun tashi, wa zai sayi dankali da azahar.

Ya ce, "Ubanka alli ya sani, ba mota ba. Ɗana, ka ɗauki na fadama ka wuce na gida?"

Aka ɗora ukun. Tunda ya ɗauki na Yaya, ba shi da bakin hana na gaba. Buhu biyu na malaminsa na allo, ɗaya na wata mai takaba, ɗaya na surukinsa. Goma sha bakwai, da mutum biyar a saman kaya.

Dogo ya ce tun daga buhu na goma sha uku suka fara jin gurnani daga baya duk lokacin da motar ta hau gargada. Daga baya gurnanin ya daina yankewa. Sai warin roba ya shigo ta taga. Suka tsaya, Dogo ya tsuguna ya miƙa hannu saman tayar hagu, ko ɗan yatsa bai shiga ba. Ƙarfen ya riga ya yi mata zane zagaye, tana da zafi.

Dogo ya ce a sauke kaya. Ikrima ya ɗaga kai ya dubi mutanen da ke sama, kowa zaune a kan buhunsa. Ya tambayi Dogo a hankali, na wa za a sauke? Saura mita ɗari huɗu su hau kwalta, inda babu gargada, amma kafin nan akwai gangaren kwalbati, wurin da hanyar ta karkace hagu, da kwari a gefenta.

Ikrima ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, a haɗu a bakin titi. Yaya ya yi ƙorafin gwiwa, Ikrima ya kama hannunsa ya sauko da shi da kansa. Dogo ya buɗe ƙofa zai shiga, Ikrima ya ce masa, "Har kai. Nauyinka ma buhu ne." Shi ke nan abin da aka ji daga bakinsa na ƙarshe.

Ya shiga gangaren a giya ta ɗaya, suna biye da shi a baya. A tsakiyar karkacewar tayar hagu ta fashe. Motar ta yi tsawo, kayan sun fi ta tsawo. Ta ɗan tsaya a karkace, sannan ta kwanta cikin kwarin ta ɓangaren direba. Ƙarfe tara da minti goma ne. Kafin a kai shi asibitin Ɗambatta Allah ya karɓi abinsa. Muka yi masa sutura bayan la'asar.

Na sake bin lissafina sau da yawa, babu kuskure a cikinsa. Ajali ne, na kuma yarda da haka. Amma a kan burtalin nan aka haife ni, ni ma na zauna a kan buhun mahaifina ina jiran mota, kuma na san ɗan da na haifa. Duk da haka da ya ce goma, goma na rubuta.

Bayan sadakar arba'in Liman ya zo aka yi maganar gado. Rigunansa bakwai da huluna huɗu muka ba ƙanensa Najib da mabuƙata a unguwa. Wayarsa tana hannun Murja. Mahaifiyarsa ta riƙe bargonsa. Motar kuma aka ce a gyara ta, a mayar mata da tsoffin tayoyinta, a sayar a raba.

Saura manyan tayoyi uku. Dogo ya zo ya ce a sayar masa, tasa motar ta fito, zai nemi cikon ta huɗu. Ya rantse mini goma kawai zai riƙa ɗauka. Na tambaye shi, in ya tarar da Yaya Abdulmumin a bakin gona fa? Ya sunkuyar da kai.

Tayoyin ba nawa ba ne ni kaɗai, don haka na je ƙofar ɗakin Murja, tana takaba, na gaya mata daga bayan labule. Ta ce, "Baba, in an sa wa motar Dogo, wannan burtalin zai bi?" Na ce shi. Ta ce a yanka su. Liman ya ce akwai haƙƙin marainiya a ciki, ba a ɓarnatar da shi, na ce a cire daga rabona a mayar wa Zulfa.

Ɗanliti ya zo da wuƙarsa ranar Talata, ya tsaga kowacce gida biyu, suka zama kwami shida. Biyu suna bakin rijiyar masallaci ana shayar da dabbobi. Ɗaya Murja ta aika gidan iyayenta, ɗaya Ɗanliti ya tafi da shi. Biyu suna garken bayan gidanmu, awaki na cin dusa a ciki.