Da Hankalina Na Fasa Mata Sola

Shekara goma sha ɗaya ina yin zoɓo da kunun aya a gidan hayar da muke zaune a Tudun Wada, har aka daina kiran gidan da sunan mai shi, sai dai a ce gidan mai zoɓo. Ni ce mai zoɓon. Wutar unguwarmu kowa ya san halinta, don haka ƙanƙara nake saye in jera robobina a kula, a kai shagunan bakin titi. Abin da nake samu bai taka kara ya karya ba, amma sunan nawa ne.

Lokacin da maƙwabciyata ta tare a ɗakin da ke kallon nawa, ko tuwo ba ta iya tuƙawa babu gudaji ba. Yaya take ce mini. Ni na yi wa tagwayenta wankan farko, shi ya sa har yau Maman 'yan biyu nake ce mata. Ni na koya mata jiƙa zoɓo, da awon citta da kanumfari, da yadda ake dafa ɓawon abarba a tace. Ban rage mata komai ba, kuma Allah shaida ne da zuciya ɗaya na yi.

Sai wanta da ke kasuwanci a Kano ya aiko mata da firiza da faifan sola. Masu haɗawa suka zagaya gidan suna neman inda rana ta fi zama, suka tsaya a kan rufin madafi, wanda yake gajere ne, kuma a nan nake shanyar kuɓewa da tattasai. Ta zo har ƙofata ta nemi izini. Na ce ba komai, har da murmushi. Ta ce in riƙa kawo robobina tana saka mini, firizar tana da fili. Na ce a'a, kada in cika mata wuri. Gaskiyar ita ce ba zan iya ɗaga murfin nan in ji sanyinsa ya bugi fuskata ba.

Da bazara ta kama, zoɓonta yana isa shago da ƙanƙara a ciki, nawa kuwa kafin azahar ya zama ruwan ɗumi. Masu shaguna suka fara cewa na jiya bai ƙare ba. Da baki ina cewa Masha Allah duk lokacin da aka fita da kularta. Safe da yamma ina karanta Falaƙi da Nasi kamar yadda na saba tun ina yarinya, sai wata rana na kai wurin neman tsari daga mai hassada, harshena ya yi nauyi, don na gane ni ce wadda ake neman tsari daga gare ta.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina dakan citta a tsakar gida. Wata mata ta yi sallama, za ta yi suna tana neman zoɓo mai yawa. Ta dube ni da taɓarya a hannu, ta ce, "Baiwar Allah, wanne ne ɗakin mai zoɓo?"

Na nuna mata da baki. Suka gama magana, Maman 'yan biyu ta yafa mayafi ta raka ta zaure.

Abin da na yi bayan nan ina tuna shi daki-daki, kuma wannan ne ya hana ni sakat daga baya. Na juye cittar a kwano na rufe. Na kwashe wankin maƙwabciyata daga igiyar da ke gindin madafi, na ninke na ajiye mata a kan tabarma, kada gilashi ya zuba a ciki. Na kife turmi na hau. Da na ɗaga taɓarya, bakina ya ce Bismillah, kamar yadda yake cewa kullum in zan fara daka. Sau uku na buga. Faifan bai tarwatse kamar kofi ba, tsagewa ya yi ko'ina kamar saƙar gizo.

Da na juyo Maman 'yan biyu tana tsaye a bakin zaure, ashe tun ina ninke wankin ta dawo. Abin da ta ce kawai, "Yaya?"

Mai unguwa ya so a kashe maganar a gida, mijinta ya ƙi. Ya ce wadda ta yi wa sola haka, gobe bai san kan wa za ta sauke taɓarya ba. Daga wurin 'yan sanda aka tura mu kotu.

Ƙanin mijina yana aiki a ofishin wani lauya a Kwangila. Buga takardu yake yi da ɗaukar fayil, amma a dangi Lauya ake ce masa, shi ma bai taɓa musu ba. Akwai wasa tsakaninmu irin na ƙanin miji, don haka da ya shigo sai ya ce shi dama tun ranar da aka kawo ni gidansu ya lura notin kaina ɗaya bai ɗauru ba, ga shi yau zai yi mana amfani. Ya bayyana cewa doka ba ta hukunta wanda hankalinsa ya gushe a daidai lokacin da ya yi ɓarna, ko da na minti ɗaya ne. Haukan ɗan lokaci ake ce masa. Ga zafin bazara, ga hawan jinina, in an nemi takardar asibiti za a samu.

"Ki ce idonki ya rufe, ba ki san inda kanki yake ba," in ji shi. "Wace mace ce a Tudun Wada ba ta taɓa faɗin haka ba?"

Ba zan ɓoye ba, shawarar ta yi mini daɗi. Mai taɓin hankali tausayinta ake ji, a yi mata addu'a, a kawo mata rubutu. Mai hassada kuwa gudunta ake yi. Kwana biyu ina gwada maganar a raina, har na fara gaskata cewa watakila da gaske idon nawa ya rufe.

Sai dai a watan ne dangin saurayin babbar 'yata, mutanen Tudun Jukun, suke bincike a kanmu, kuma kowa ya san tambayar farko da ake yi wa maƙwabta: ko akwai hauka ko farfaɗiya a gidan. Mijina malamin makaranta ne marar yawan magana. Tun da abin ya faru bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ranar jajibirin zaman kotu ya ce da ni, ba tare da ya ɗago daga littattafan da yake dubawa ba, "In kika ce kin haukace a gaban alƙali, rubutawa za a yi. Su kuma masu bincike ba za su tambayi minti nawa ba."

Alƙalin dattijo ne, da tabarau a kan hanci. Ya fara da Maman 'yan biyu. Ta faɗi abin da ta gani ba ƙari ba ragi, har da wankin da na ninke mata, har da Bismillah. Aka yi dariya daga bencin baya, ɗan sandan kotu ya tsawatar. Ƙanin mijina yana ta yi mini alama da ido.

Alƙali ya juyo kaina ya ce, "Malama, an gaya mini ana so a ce hankalinki ba ya jikinki a lokacin. Haka ne?"

"Hankalina ɗaya, Allah ya gafarta Malam."

"To me ta yi miki?"

Na duba ko zan samu laifi ko ɗaya da zan rataya mata. Wurin shanya ni na bayar da bakina. Na ce, "Ba ta yi mini komai ba. Hassada ce."

Ban taɓa jin kalma ta yi ƙara a kunnena kamar wannan ba. Alƙali ya ce da ƙanin mijina, don da alama ya gane shi ne mai shawarar, ya koma ya yi karatu: a shari'a ko mahaukaci tuburan ya ɓata kayan wani, zunubi ne aka ɗauke masa, amma daga dukiyarsa ake biya. Ya umarce ni in mayar da faifai sabo irin wancan. Maman 'yan biyu tana kuka ta ce ta yafe sauran, mijinta ya kau da kai.

An ɗaura auren 'yata bayan babbar salla. Na ji labarin cewa gwaggon ango ta ce zuciya ai kowa yana da ita, ciwo ne kaɗai ake gado.

Abin da na rasa daban ne. Maman 'yan biyu tana gaishe ni kullum, tana aiko mini da abinci, amma ta daina nuna mini alheri in ya same ta. In ta yi sabon ɗinki, a baƙar leda yake shigowa. Cikinta na baya sai da ya fito kowa ya gani na sani. Bara a makarantar Islamiyya na ji mata suna cewa ta buɗe shagon kayan sanyi a bakin titi, wata uku ke nan. Ba ni da bakin ƙorafi. Kuma tun da gaskiya nake rubutawa, da na ji sai da abin nan ya sake tsunkulina a ƙirji, a daidai inda ya saba.

Na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na je ƙofarta na yi mata murna, na ce Allah ya sa albarka ya kawo kasuwa. Ta amsa da amin, ta gyara labulen ɗakinta, ta ce ai ba wani shago ba ne, ɗan kwantena ne kawai, ko haya bai fara fitarwa ba.