Mutumin Da Ya Hana A Yanka Jar Goɗiya

Shekara talatin da takwas ke nan Baban Barga yana buɗe ƙofar dawaki da sassafe. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gama da su. Ya kwashe kashi, ya zuba dusa, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya yana duba ko tsakuwa ta maƙale. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Gara a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ɓata wa mutane rai. In mahayi ya dawo yana zagin doki, ba ya saurarensa tukuna. Sai ya buɗe bakin dokin, ya shafa haƙarƙarinsa, sannan ya juyo ya ce, "To, yanzu faɗi naka."

Ranar da jar goɗiya ta kayar da Maigida, mai bargar da kansa, direbansa yana wurin, shi ya ba da labari. An ɗaure wa Maigida hannu a asibiti, ya dawo yana huci.

"Kira mutanen nan masu sayen dawakin yanka," ya ce wa direba. "Na gama da wannan shaiɗaniyar."

Baba ya riga ya duba ta. Linzami ya tsaga mata gefen baki, cikinta duk sawun ƙaimi, jini na tsattsafowa.

"Ranka ya daɗe, juya mini baya."

Maigida ya ɗauka ƙura za a kakkaɓe masa, ya juya. Baba ya damƙi wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ya sa ɗayan a ƙugunsa. Yana ja, yana turawa.

"Kai! Ka haukace ne? Ina kake so in nufa?"

"Abin da ta yi ta tambayarka ke nan tun daga bakin ƙofa. Ƙafarka na cewa tafi, hannunka na cewa tsaya. Kai ko minti ɗaya ba ka jure ba."

Direba ya ce shi ƙasa ya yi ta kallo, kada dariya ta ci masa aiki.

"Ka san wa ke ciyar da kai kuwa?" in ji Maigida.

"Na sani. Shi ya sa ban yi maka ƙarya ba." Ya ciro makullan barga ya ajiye kan buhun dusa. "In za a kai ta, a nemi mai kwance ta. Ba da hannuna ba."

'Ya'ya shida gare shi a lokacin, ba gona, ba wata sana'a. Da ya koma gida ya faɗa, matarsa ta tambaye shi ko goɗiyar ce za ta riƙa yi musu cefane. Kwana biyu yana zaune a ƙofar gida, ba wanda ya leƙo shi.

Rana ta uku sai ga direba da makullan, da ƙaimin nan biyu a cikin leda.

Direba ya ce, "Masu sayen sun zo, Maigida ya bar su a tsaye, daga baya ya sallame su. Ya ce ka jefar da waɗannan. Wai kuma in hannun ya warke, yaushe za ka fara koya masa hawa?"

Maigida bai taɓa ba shi haƙuri ba har yau. Baba kuma bai nema ba. Goɗiyar ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ta haifi huɗu.

Kai ne, Baba, ba ka taɓa dukan dabba don ka rufa wa mutum asiri ba. Kai ne ka tsaya wa wadda ba ta da baki, a gaban wanda abincinka ke hannunsa. Ba ka da takardar shaida ko ɗaya, amma duk wanda ya iya zama kan sirdi a bargar nan daga hannunka ya koya.

Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka huta cikin mutunci.

Saura mu, mai mota da mai shago da mai iyali. Duk wanda aka damƙa wa linzami, in tafiya ta ɓaci, ya duba hannunsa tukuna kafin ya nemi bulala.