Ƙanƙara Mai Hayaƙi a Zoɓon Inna

Ban taɓa mantawa da ranar da Innata ta kusa kashe mani aiki da ludayi ba.

Ina direban asibiti a Anka lokacin. Likitoci na bincike kan masu kumburin hanji, masu gudawa da jini shekara da shekaru. Ana zura masu bututu a tsinko naman hanji, bai kai ƙwayar gero ba, a kai Sakkwato a duba waɗanne ƙwayoyin halitta ke farke, waɗanne ke barci. In naman ya ji ɗumi, shi ke nan, bayanin ya goge. Shi ya sa ake binne shi cikin busasshiyar ƙanƙara, wadda ba ta zama ruwa sai hayaƙi.

Rannan naman Malam Garba na Duza muka ɗauko, ni da Sista Ladi, nas ɗinmu. Dattijon ya rame kamar sillen kara. Da aka gama ya ce mana, "Sau ɗaya na yarda. Ko gwamna ya zo, ba a ƙarawa."

Azumi ne, rana na dafa ƙwaƙwalwa. Mun tsaya gidanmu a Gummi in yi la'asar. Sista ta shigo da kular da naman da ƙanƙarar ke ciki, ta ajiye a inuwa, ta zaga bayi.

Ina sallamewa na ji salati. Tsakar gida hayaƙi na tafasa daga robar zoɓon da Inna ke raba wa unguwa in za a sha ruwa, maƙwabta na tsallako katanga sun zaci gobara ce, Inna na tsaye da ludayi tana tofi.

"Inna, mi kika taɓa?"

"Ƙanƙara na ɗiba kaɗan. Ku da kula cike, mu da azumi?"

Kaɗan ɗin Inna ya kai rabi. Sista ta dafe kai, ta ce, "Mama, hanjin mutum ne ciki."

Inna ta dubi ludayin, ta dube ni. "Sani, aikin da kake yi ke nan?"

Da matankaɗi muka tsamo ƙanƙarar da ta rage cikin zoɓon muka mayar kula. Gudun da na yi rannan, tayoyin ba su san kwalta ba.

A Sakkwato likita ya buɗe kula ya ga ja jawur, ya ja baya. "Wa ya yi jini?"

"Zoɓo ne, ranka ya daɗe."

Naman ya tsira da ƙyar, ba a sake taɓa Malam Garba ba.

Ku direbobin yanzu, an koya maku tsoron ramin hanya da zafin rana. Ni mai kirki nake tsoro, wanda ya ga ƙanƙara ya tuna da maƙwabta. Tun rannan kular tawa a kulle da kwaɗo take tafiya. Inna kuwa har yau ba ta barina in sa hannu a kwanonta.