Ƙwanƙwasar da ke Gaban Motata

Motar da maigidana ya rasu ya bari ta girmi 'yata ta fari. Ranar rabon gado babu wanda ya yi marmarinta, ta faɗo a kasona, ni kuwa na karɓa hannu biyu. Da ita nake tashi daga Yelwa zuwa Wara, inda nake aikin karɓar haihuwa a asibiti, in tafi Litinin in dawo Alhamis.

Damina ta uku bayan rasuwarsa motar ta fara wata ƙara a gaba, ɓangaren direba. A kan kwalta shiru take. Amma da na shiga gargada, ƙafa ɗaya ta faɗa rami, sai in ji ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa. Sau biyu na kai ta wurin bakaniken da maigidana ya saba da shi. Karon farko ya canza shokozoba, karo na biyu ya canza ƙarfen sitiyari. Ƙara dai tana nan, ko gezau.

Tsautsayi ya sa na ɗauki Yaya, wanda nake bi, zuwa suna a Birnin Yauri. Tun a hanya yake dafe da ƙofa yana salati. Muna dawowa ya yanke hukunci.

"Motar ga ba ta ƙara hita da ke. Ran Juma'a mai sayen gwangwan shina tahowa. Ki hau ta haya kamar kowa."

Shi ne madadin uba gare mu, kuma na san tsoro ne ya sa shi. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ta haya sai ta cika take tashi, naƙuda kuwa ba ta jiran fasinja. Ga sitiyarin nan ya sule daidai inda maigidana ke riƙewa, wai shi za a ɗora a sikeli a auna da kilo. Na ce a raina, ba dai ina numfashi ba.

Ran Alhamis daga Wara ban biya gida ba, gareji na wuce. Bakanike ya sa jak ya ɗaga gaban mota, ya girgiza taya dama da hagu, ya kakkaɓe hannu.

"Hajiya, babu komi. Tsuhwa ce, ita kau ba ta da magani."

A nan na lura da abin da ya wuce ni sau biyu. Kullum sai ya ɗaga ta sama yake dubawa, ƙafafun suna reto, babu nauyi a kansu.

Na ce, "Sauke ta, Malam. Ni ban taɓa tuƙa ta bisa jak ba. A ƙasa take kukanta."

Ya yi dariya. "Mi za ki ji wanda ban ji ba?"

Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara da shekaru ina kafa ɗan ƙahon awo a cikin mata ina neman bugun zuciyar da ba a gani, sai ƙarfe ne zai ɓoye mini? Na taka wurin mai tuwon da ke gefen garejin na ari muciyarta, na wanke. Na sa aka karya sitiyari har ƙarshe, na shimfiɗa buhu na durƙusa gindin taya. Na roƙi bakanike da maƙwabcinsa mai faci su riƙa jijjiga motar gefe da gefe.

'Yan kabu-kabu suka fara tsayawa kallo. Wani ya ce, "Yau mota za ta haihu!" Aka kwashe da dariya, ni ko kallo ba su ishe ni ba. Na kafa kan muciya a jikin shokozoba, gindinta a kunnena. Shiru. Na matsa kan ƙarfen sitiyari. Shiru. Gwiwoyina suka fara ciwo, zufa na shiga mini ido. Can na dangana ta da wani siririn ƙarfe da ya ratsa daga ƙafa zuwa ƙafa, sai ƙwas ɗin nan ya dake ni har cikin haƙori.

Na miƙa wa bakanike muciyar. Ya karɓa ya durƙusa ya kafa kunne, ni na karɓi jijjigar. Da ya ɗago bai kalli kowa ba.

"Lalle hwa. Robar da ke riƙe shi ta cinye, ƙarhe na bugun ƙarhe."

Ba a samu robar da ta dace da tsohuwa irin tawa ba, sai ya yanko daga tsohuwar taya ya sassaƙe ta tsaf. Gaskiya hannunsa yana da kyau, kunnensa ne kawai ya yi girman kai.

Juma'a da hantsi na tarar da Yaya a ƙofar gida tare da mai gwangwan. Na gaishe su, na buɗe ƙofar gaba na ce, "Yaya, raka ni nan kusa." Na bi da shi hanyar bayan kasuwar kifi, wadda ruwa ya farfasa, ban kauce wa rami ko ɗaya ba. Ya karkata kai yana jira, yana jira, har muka ɓulla kwalta.

"Ni ban ji komi ba," in ji shi.

"Shi na kawo ka ka ji, Yaya."

Da muka dawo, shi da kansa ya sallami mai gwangwan. Ni kuma na juya mota na je mayar wa mai tuwo muciyarta.